Awa 42 Hanji Na Cikin Hanji: Lamarin Wani Jariri Ɗan Wata Bakwai

## Yaron da irin cutar

Namiji ne ɗan wata bakwai, na uku a wurin mahaifiyarsa. An haife shi lafiya, yana shan nono, kuma mako uku kafin ciwon aka fara haɗa masa da koko. Awon ƙarshe da ke katinsa kilo 7.6 ne. Mako guda kafin nan ya yi mura da ɗan zazzaɓi na kwana biyu, ya warke da kansa. Iyayensa na zaune a wani gari mai nisan kimanin kilomita 70 daga babban birnin jiharsu a arewacin Najeriya. Watan Janairu ne, ana tsakiyar hunturu.

Abin da ya same shi shi ne shigar hanji cikin hanji. Wani yanki na hanji ya zurma cikin yankin da ke gabansa, kamar yadda gaɓoɓin eriyar rediyo ke shigewa juna in an tura ta. A jarirai, wajen tara cikin goma ƙarshen ƙaramin hanji ne ke kutsawa cikin babban hanji ta ƙofar da ke tsakaninsu, a ƙasan ciki ta dama. In zai shiga kuma yana jan tantanin kitsen da ke ɗauke da jijiyoyin jininsa. Jijiyoyin da ke fitar da jini su ke fara matsewa domin bangonsu ya fi laushi, sai hanjin ya kumbura ya riƙa tsattsafo da jini da majina. In lokaci ya ja, masu kawo jinin ma su toshe, naman ya mutu, ya huje.

Cutar ta fi kama yara daga wata uku zuwa shekara uku, musamman tsakanin wata biyar da tara. Galibi babu wani ƙari ko lahani da ya jawo ta. Akwai ƙananan kaluluwa a bangon ƙarshen ƙaramin hanji da kan kumbura bayan mura ko gudawa. Motsin hanji sai ya ɗauki kumburin kamar lomar abinci, ya yi ta tura shi gaba, bangon ya biyo shi.

## Daren Litinin: awa 0 zuwa 11

Da misalin ƙarfe 9 na dare yaron yana barci ya farka da ƙara ɗaya, ya naɗe ƙafafu zuwa ciki, fuskarsa ta yi fari. Kukan bai wuce minti uku ba ya yi shiru, har ya karɓi nono. Bayan kamar minti 20 abin ya dawo yadda ya zo da farko. Haka aka kwana. Ya yi aman nono sau biyu, ya yi bayan gida irin wanda ya saba sau ɗaya. Jikinsa babu zafi.

A gidan an ɗauka haƙori ne, tunda watanninsa sun kai kuma ya kwana biyu yana dalalar da miyau. Kakarsa ta gasa masa ciki da tsumma mai ɗumi, aka ba shi cokali biyu na jiƙo. Shirun da yake yi tsakanin kuka da kuka shi ya kwantar wa kowa da hankali, domin yaron da ke wasa da bakin zanen uwarsa minti biyar bayan ya gama ihu bai yi kama da wanda za a fita da shi cikin sanyin dare ba. Wannan zuwa da tafiya daga motsin hanji yake: motsin ya iso inda ya cushe ciwo ya tashi, ya wuce ciwo ya lafa.

## Talata da rana: kemis, sannan jini

Ƙarfe 8 na safe mahaifin ya je kemis shi kaɗai ya kwatanta abin da ake ciki. Aka ba shi ruwan farasitamol da maganin kumburin ciki na jarirai. Ƙarfe 2 na rana, awa 17 da farawa, yaron ya yi bayan gida da babu kashi a ciki, jini ne mai duhu cakuɗe da majina, kimanin cokali biyu. Aka koma kemis ɗin da ƙyallen. Mai kemis ya ce atini ne, ya ba da ruwan Flagyl da garin gishiri da sukari. Duk abin da aka ɗura wa yaron ya dawo da shi.

Kafin wannan jini yaron bai yi gudawa ko sau ɗaya ba, bayan jinin ma bai yi ba. Mai atini kuwa zuwa bayan gida yake yi a kai a kai, sau da yawa da zazzaɓi.

## Talata da yamma: hotuna biyu

Ƙarfe 5 na yamma, awa 20, aka kai shi asibitin garin. Zafin jiki 37.8, bugun zuciya 150 a minti. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. An taɓa cikin yana tsakiyar kuka, aka rubuta cewa da taushi kuma ba a ji ƙullutu ba. Ba a sa yatsa a dubura ba.

Aka ɗauki hoton eksire guda ɗaya, yaron a kwance rigingine. Hoton ya nuna ɗan iska a tumbi da tsakiyar ciki, babu hanjin da ya buɗe fiye da kima. Aka karanta shi a matsayin babu toshewar hanji. Eksire na rarrabe ƙashi da iska da nama, amma ba ya rarrabe nama da nama. Hanjin da ya shige cikin hanji nama ne cikin nama, ba ya fitowa sai in iska ta kewaye kansa ta zana shi. Alamomin toshewa kuma, wato hanji a buɗe da ruwa kwance a ƙarƙashin iska, ba sa bayyana sai an jima. Shi ya sa hoton eksire ke kuskure kusan rabin masu wannan cuta. A wannan hoton akwai abu ɗaya da daga baya likitan hoto ya nuna: gefen dama na ƙasan ciki fayau yake, babu iska ko kashi a inda farkon babban hanji ya kamata ya zauna.

Ƙarfe 7 aka tura su wani shagon sikanin da ke tsallaken titi. Abin da ke rubuce a takardar da suka tafi da ita kalma biyu ne, sikanin ciki. Na'urar shagon ta awon masu juna biyu ce, tana da kai ɗaya mai lanƙwasa, wato abin da ake ɗorawa a kan fata yana aika sauti cikin jiki, mai megahas 3.5 (megahas ma'aunin saurin kaɗawar sautin ne). Aikin ya ɗauki kamar minti biyar, yaron yana ta mutsu-mutsu. Sakamakon ya ce hanta da saifa da ƙoda biyu da matsarmama da mafitsara duk lafiya, sai iska da ta yi yawa a hanji.

Irin wannan kai an yi shi ne don hango abu mai zurfin santimita 15 zuwa 20 a cikin babba. Ƙarancin megahas na ba da nisa, ya rage kaifin hoto, kuma abin da ke daf da fata shi ya fi fitowa a dagule. Hanjin jariri kuwa santimita ɗaya zuwa uku ne ƙarƙashin fata. Duk da haka kai mai lanƙwasa na iya nuna wannan cuta in an neme ta. Mai sikanin ya bi jerin gaɓoɓin da ya saba bi, hanji kuma ba ya cikin jerin.

## Daren Talata zuwa asubahin Laraba

An kwantar da yaron a matsayin mai atini, aka sa masa ƙarin ruwa da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Wajen tsakar dare kukan ya ɗauke. A fayil an rubuta cewa ya samu sauƙi yana barci. Mahaifiyar ta faɗa daga baya cewa ba barci ba ne, jikinsa ne ya saki, in an ɗaga hannunsa sai ya faɗo, nono ma ya daina kamawa.

Ƙarfe 6 na safiyar Laraba, awa 33, ya yi amai kore shar, cikin ya ɗaga. Likitan da ya karɓi aiki da safe ya rubuta takardar tura su asibitin koyarwa. Neman mota da tafiya suka ci awa huɗu.

## Laraba ƙarfe 10: farfaɗo da shi tukuna

Sun iso sashen gaggawa na yara a awa ta 37. Nauyi kilo 7.2, bugun zuciya 172, zafi 38.0. Ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, in an danna farce jini na ɗaukar daƙiƙa uku kafin ya dawo. Bai yi fitsari ba tun dare. Ciki a kumbure amma da taushi, ba ya ƙanƙamewa in an danna. Da yake yanzu yaron ya yi lakwas, hannu ya iya jin wani dogon ƙullutu a kwance sama da cibiya. Yatsa a dubura ya fito da jini da majina.

Ba a kai shi ɗakin hoto nan take ba. An ba shi ruwan gishirin asibiti ta jijiya, mililita 20 kan kowane kilo, wato 144, sau biyu. An sa robar hanci zuwa tumbi, ta fitar da mililita 60 na koren ruwa. An ɗibi jini don gwaje-gwaje da tanadin ƙarin jini, an sanar da likitan tiyatar yara. Cikin awa ɗaya da rabi bugun zuciya ya sauko 140, ya yi fitsari, ya fara buɗe ido yana bin uwarsa da kallo. An sake eksire guda, wannan karon a kwance kan gefen hagu, da tambaya ɗaya tak: akwai iskar da ta fita daga hanji ta taru saman hanta? Babu.

Mahaifin ya nemi a yi siti sikan, wato hoton eksire na kwamfuta da ke nuna jiki yanka-yanka, don an gaya masa shi ke ganin komai. Aka yi masa bayani cewa siti sikan zai nuna cutar, amma da hasken radiyeshin mai yawa, jikin jariri kuma ya fi na babba jin illarsa. Wani bincike a kan yaran Birtaniya da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna haɗarin sankarar jini da na ƙari a ƙwaƙwalwa na ƙaruwa da yawan radiyeshin da yaro ya sha ta wannan hanya, ko da yake haɗarin ga yaro guda ƙarami ne. Ga kuɗi, ga jira, ga yiwuwar sai an ba shi maganin barci. Sikanin kuwa sauti ne, kuma a hannun wanda ya iya yana gano cutar a fiye da 95 cikin 100.

## Ƙarfe 11:30: sikanin na biyu

An yi amfani da kai miƙaƙƙe, mai megahas 7.5 zuwa 12. An ɗumama man da ake shafawa, domin sanyinsa kaɗai kan sa jariri ya ƙanƙame ciki. Aka kwantar da shi rigingine, nas ta ce wa mahaifiyar, “Maman yaro, riƙe masa hannuwa, ki sa fuskarki kusa da tasa.”

Ana farawa ne daga ƙasan ciki ta dama. A nemo tsokar da ke kwance a bayan ciki da manyan jijiyoyin da ke gangarawa cinya, domin a samansu farkon babban hanji yake zama. Daga nan a bi babban hanjin taki-taki: sama zuwa ƙarƙashin hanta, a gitta saman cibiya zuwa ɓangaren saifa, a gangaro ta hagu har mara. A kowane wuri ana danna kan na'urar a hankali, ana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan lokacin da yaron ya saki numfashi. Dannawar ce ke kore iskar da ke tare sauti. Wanda bai danna ba, iska kawai zai gani ya rubuta.

A ƙasan dama ba a sami farkon babban hanji a mazauninsa ba, sai lanƙwasoshin ƙaramin hanji cike da ruwa, faɗinsu ya kai santimita 2.6. Sama da cibiya, ɗan hagu da tsakiya, abin ya fito: da'ira cikin da'ira kamar an yanka albasa a kwance, faɗinta santimita 3.4. Zoben waje baƙi ne, kaurinsa santimita 0.7, shi ne kumburarren bango. A ciki akwai wani farin yanki mai siffar jinjirin wata, wato kitsen da hanjin ya jawo, da kaluluwa biyu a cikinsa, kowace ba ta kai santimita ɗaya ba. Da aka juya kan na'urar a tsaye, sai ya yi kama da ƙoda, tsawonsa wajen santimita 6.

Faɗin da kitsen nan su ke raba wannan da wata shigar hanji marar illa da kan faru a ƙaramin hanji kaɗai. Waccan ba ta cika kai santimita 2 ba, gajera ce, tana motsi, kuma sau da yawa a gaban idon mai sikanin take warwarewa. Ba a yi mata komai sai sa ido.

Gano cutar rabin aikin sikanin ne. Sauran shi ne faɗin ko hanjin na da rai. An kunna Dofla mai launi, wato tsarin na'urar da ke nuna gudun jini da launi, aka saita ta don kama jini mai tafiya a hankali, sai ga launi a zoben waje da na ciki. Babu ruwan da ya maƙale tsakanin zobe da zobe, wanda in ya yi yawa alama ce hanjin ya galabaita kuma zai yi wuyar komawa. Ba a ga wani ƙari ko jaka a kan ƙullutun ba. Akwai ɗan ruwa garai-garai a ƙasan mara, zurfinsa bai kai santimita ɗaya ba, aka auna aka rubuta don kwatantawa daga baya.

## Shawara

Hanya biyu ce: a buɗe ciki, ko a tura hanjin baya da matsin ruwa ta dubura. Abu uku ke hana ta biyun: hujewar hanji, alamun ruɓar ciki irin su ƙanƙamewa da tsananin zafi in an taɓa, da jikin da bai farfaɗo ba duk da ƙarin ruwa. Yaron ba shi da ko ɗaya. Awa 39 na rage damar nasara, ba ta haramta gwadawa.

Dabarar ta daɗe. Harald Hirschsprung, likitan yara a Kofanhagan ta ƙasar Denmark, ya ba da rahoton yin ta da ruwa tun 1876, ba tare da ganin abin da ke faruwa a ciki ba. A 1948 Mark Ravitch a Baltimo ta Amurka ya daidaita yin ta da farin ruwan bariyam ƙarƙashin eksire mai motsi. Likitocin Sin sun yi suna wajen amfani da iska, har suka buga sakamakon yara fiye da 6,000 a 1986. Yin ta da ruwan gishiri ana kallo a sikanin daga Koriya ta Kudu aka fara ba da rahotonsa a 1982. Wannan ta ƙarshe aka zaɓa. Ba ta buƙatar na'urar eksire mai motsi, babu radiyeshin, kuma in hanji ya huje ruwan gishiri ne zai zuba a ciki, wanda ya fi bariyam sauƙi nesa ba kusa ba. An gaya wa iyayen cewa hujewa kan faru a ƙasa da ɗaya cikin ɗari, kuma in ta faru ko ruwan ya kasa, tiyata za a wuce kai tsaye. Suka sa hannu a takarda ɗaya da ta haɗa duka biyun. Ɗakin tiyata ya zauna a shirye.

## Ƙarfe 1 na rana: zama na farko

Kayan aikin ba su da yawa: ledoji biyu na ruwan gishiri masu mililita 500 da aka ɗumama zuwa zafin jiki, robar Foley lamba 18 (roba ce mai balan-balan a kai da ake hurawa don kada ta zame), sirinji, filasta mai faɗi, sandar ƙarin ruwa, da na'urar sikanin ɗin dai. Ɗumama ruwan wajibi ne, domin lita guda ta ruwan sanyi a cikin jariri mai kilo bakwai, cikin hunturu, ta isa ta kayar da zafin jikinsa. Tsayin leda daga gado shi ne matsin. Santimita 100 na ba da kimanin milimita 74 a ma'aunin hawan jini, 120 kuma wajen 88. Ba a matsa ledar da hannu, ba a danna cikin don taimaka wa ruwan, domin duka biyun na cilla matsi zuwa inda babu mai auna shi.

Gwajin farko ya lalace. An hura balan-balan ɗin robar da mililita 10, ruwa ya riƙa tsiyayowa ta gefe, filasta ta jiƙe ta saki, yaron ya yi nishi roba ta fito. Siririyar igiyar ƙarin ruwa da aka haɗa kuma tana kawo ruwan a hankali ƙwarai, abin da ke yoyo ya kusa kai wanda ke shiga. Aka tsane fatar, aka mai da robar, aka hura da mililita 15 ana kallonta a sikanin, aka manne ɗuwawun da sabuwar filasta, nas ta ƙara matse su da hannu biyu. Igiyar aka canja ta da ta ƙarin jini mai faɗi. Tsayin ledar da aka kintata da ido, da aka sa tef sai ya zama santimita 85, aka ɗaga ta zuwa 100.

Yanzu ruwan ya fito a allo, baƙi wuluk, yana haurowa ta hagu har ya ci karo da kan ƙullutun ya kewaye shi. Cikin minti uku ya mai da shi ƙarƙashin hanta. Aka sauke leda ruwan ya fito, aka huta minti biyu. A tsayin 120 ƙullutun ya gangara har farkon babban hanji, ya tsaya cak a bakin ƙofar, saura wajen santimita 2. An sake gwadawa sau ɗaya, bai motsa ba, ko ɗigo bai wuce zuwa ƙaramin hanji ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce gwaji uku na minti uku-uku, don haka aka tsaya. Ruwan da ke mara bai ƙaru ba, bugun zuciya 138.

## Jiran awa biyu da zama na biyu

A da, nan ne ake cewa ruwa ya kasa, a wuce tiyata. Yanzu akwai damar jira daga rabin awa zuwa awa huɗu a sake, bisa sharaɗi uku: hanjin ya motsa a zaman farko, yaron bai taɓarɓare ba, cikin kuma da taushi. Dalilin shi ne yankin da aka kuɓutar ya sassauta wa jijiyoyin, jinin da ya taru ya samu hanyar fita, kumburin ya saɓe. Abin da ya ƙi bi ta ƙofa ƙarfe 1 na iya bi ƙarfe 3. Likitan tiyata da likitan hoto suka amince da awa biyu. Ana duba bugun zuciya da taushin ciki duk minti 15, ƙarin ruwa na tafiya, an lulluɓe shi.

Ƙarfe 3:30 aka koma, leda a 120 tun farko. Gwajin farko ya rage ƙullutun zuwa kamar santimita ɗaya. A minti na biyu na gwaji na biyu ya sulale ta ƙofar, ruwa ya bi bayansa a guje, lanƙwasoshin ƙaramin hanji suka cika ɗaya bayan ɗaya har allon ya koma kamar saƙar zuma. Ƙarfe 3:40 ke nan, awa 42 da minti 40.

Ɓacewar ƙullutu kaɗai ba ta isa shaida ba. Sai an ga ruwa ya ratsa ƙofar ya yi nisa cikin ƙaramin hanji, domin wani lokaci akwai wata shigar a can baya da ba ta warware ba. An bi ruwan, ba a ga komai ba. An sake auna ruwan mara, yana nan yadda yake. Da hanji ya huje, da ruwan nan ya ƙaru nan da nan, babban hanji ya sace, ledar kuma ta zube da gudu babu turjiya. Aka sauke leda, aka cire roba. Yaron ya fitar da ruwa da iska, ya yi barci irin wanda in an taɓa shi yake motsawa.

## Alhamis zuwa wata uku

Daren Laraba zafinsa ya kai 38.3 sannan ya sauka, abin da aka saba gani bayan irin wannan aiki. Robar hanci ta daina fitar da kore, aka cire ta, aka mai da shi nono kaɗan-kaɗan wajen tsakar dare.

Ƙarfe 4 na asubahin Alhamis ya yi kuka mai tsawo, hankalin uwar ya tashi. Aka sake sikanin a gadonsa. A ƙasan dama akwai zobe, likita mai neman ƙwarewa da ke bakin aiki ya zaci cutar ce ta dawo. Faɗinsa santimita 1.6 ne, zobe ɗaya, babu farin kitse a ciki, kuma ana ganin abin da ke cikin hanji na wucewa ta tsakiyarsa. Ƙofar ce da ta kumbura saboda abin da ya bi ta kanta. Ba a sake ɗura ruwa ba. Yaron ya sha nono ya yi shiru.

Alhamis da rana ya yi bayan gida rawaya. An sallame su ranar Juma'a, bayan an gaya wa iyayen cewa kimanin ɗaya cikin goma cutar kan dawo, wani cikin kwana biyu, wani bayan watanni, kuma in suka ga irin kukan nan su taho kai tsaye kada su jira jini. Bayan mako biyu nauyinsa kilo 7.7. A wata na uku bai sake ba.

## Hukunci

Awa 20 na farko sun tafi a gida da kemis. Na gida akwai uzuri, domin farkon cutar ya yi kama da abubuwa goma marasa illa, kuma yaran da ke zuwa da ciwo da ƙullutu da jini gaba ɗaya ba su kai rabi ba. Mai kemis ba shi da irin wannan uzurin, ya ba da magani sau biyu ga jaririn da bai gani ba.

Awa 17 da suka biyo baya sun fi nauyi, domin yaron na hannun asibiti, kuma hotuna biyu ne suka tsawaita su. Kowanne ya faɗi gaskiya gwargwadon abin da ya duba. Eksire bai ga toshewa ba don ba ta bayyana ba tukuna, sikanin ya ga hanta da ƙoda lafiya don lafiyarsu ƙalau. Kuskuren na wurin karatu ne, inda aka ɗauki rashin gani a matsayin babu. Takardar neman sikanin ba ta ɗauke da shekarun yaron, ko kukan, ko jinin, ko sunan cutar da ake zargi. Sakamakon shi ma bai ce ba a bi hanji ba, ya ce iska ta yi yawa, wanda mai karatu cikin sauri zai ɗauka an duba ne. Da waɗannan takardu biyu a fayil, shirun tsakar dare sai ya zama sauƙi a idon ma'aikata, alhali jariri mai jini a bayan gida da ya daina kuka ya daina shan nono ya fi mai ihu haɗari.

A asibitin koyarwa, abin da ya fi tasiri shi ne jerin da aka bi: ƙarin ruwa kafin hoto, hoto da tambaya, sannan Dofla da awon ruwan mara da suka ba da hujjar gwadawa da kuma hujjar jira. Ba don an ga ƙullutun ya taso daga saman cibiya zuwa bakin ƙofa ba, da jiran awa biyun ganganci ne. Can ma an yi sakaci. Yoyon farko da ledar da aka rataye da ido sun ci wajen minti 15, kuma da an lissafa wancan a cikin gwaji ukun, da an ce ruwa ya kasa alhali matsin bai taɓa kai wa hanjin ba. Eksire na biyu ma ana iya jayayya a kansa, tunda ciki mai taushi da sikanin sun ba da amsa iri ɗaya.

Akwai kuma rabo. Hanji da yawa ba sa kai awa 39 da jini a jikinsu. Nazarin rahotannin ƙasashe ya nuna a Afirka yawancin masu wannan cuta tiyata ake yi musu, kuma kusan ɗaya cikin goma na rasuwa, alhali a wasu nahiyoyin bai kai ɗaya cikin ɗari ba, jinkirin isowa kuma na cikin manyan dalilan. Ranar Talata ƙarfe 7 na yamma wannan yaron yana kwance ƙarƙashin na'urar sikanin a awa ta 22, bai bushe ba, cikinsa bai ɗaga ba. Ƙullutu mai faɗin santimita uku a cikin jariri, ko kai mai megahas 3.5 zai nuna shi da an ɗora shi ƙarƙashin hanta an danna.